Babi na Shida: Rana Kyauta Ce, Farantin Ne da Tsada

Wanda ya ratsa Kantin Kwari a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna da tsakar rana, kafin idonsa ya kai kan haja kunnensa ya riga ya cika da rurin janareta, hancinsa kuma da warin fetur da bai gama ƙonewa ba. Haka abin yake a layin masu walda na kowane gari, da rumfar mai cajin waya, da shagon tela, da wurin mai markaɗe. Idan magariba ta kawo jiki kuma sai wani hayaƙin ya karɓi aiki, wato na murhu, wanda ke tashi daga tsakar gidaje ya lulluɓe unguwa, tun daga Sakkwato har Damagaram. Hayaƙin nan iri biyu shi ne rabonmu a cikin maganar da duniya ke yi ta rage iskar kabon. A Jamus ko Sin, in an ce a koma ga makamashi mai tsabta, ana nufin a rufe manyan tashoshin lantarki masu cin kwal, a sauya motocin fetur da masu batir. Mu tamu wutar a ƙofar shago take ci, da bakin madafi. Abin da wannan babi zai tsaya a kai guda ne: makamashin da talakan ƙasar Hausa ke amfani da shi yau shi ne mafi ƙazanta kuma mafi tsada, mai tsabtar ya riga ya fi shi araha, kuma abin da ya tare hanya tsakaninsu abu biyu ne, kuɗin farko da amana. Duk wanda ya warware su ya rage hayaƙi, ko da bai taɓa jin sunan taron sauyin yanayi ba.

Asalin matsalar ba shi da wuyar fahimta. Duk abin da aka ƙona, fetur ne ko dizal ko kwal ko itace, yana sakin iskar kabon, ita kuma ta taru a sama ta riƙe zafin da ya kamata ya fice, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kafin Turai ta fara ƙona kwal a masana'antu, cikin kowane kaso miliyan na iskar duniya kaso 280 ne nata. Yau ta haura 420. A 2024 duniya ta ga zafin da ba ta taɓa gani ba tun da aka fara ajiye lissafi. A yarjejeniyar Paris ta 2015 ƙasashe sun amince su riƙe ƙarin zafin ƙasa da digiri 2, su kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5. A taron Glasgow na Nuwamban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 abin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce abin da take iya shanyewa ba, a cikin watan kuma ya sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi. A Agustan 2022 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da shirin sauya makamashi, wanda aka ƙiyasta yana buƙatar ƙarin dala biliyan 10 kowace shekara. Ga mai shagon da ke kwana da tunanin kuɗin man gobe, 2060 ta yi nisa, dala biliyan 10 kuma labari ce ta manya. Sai dai a hannunsa alkawarin zai cika ko ya warware, domin shi ne mai kunna janaretan.

Ƙorafi na farko kan sauya makamashi, kuma mafi ƙarfi, shi ne na adalci: ba mu muka ɓata ba, me ya sa za a ce mu gyara? Alƙaluma suna tare da masu wannan magana. Afirka, mai kusan kashi 18 cikin ɗari na mutanen duniya, abin da take fitarwa bai kai kashi 4 ba. Ba'amurke ɗaya yana fitar da kusan tan 14 a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba, ɗan Nijar kuwa ko rubu'in tan bai kai ba. Amma mu ne a bakin wutar. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma masana da suka bincika sun ce da ba don ɗumamar duniya ba da bai kai haka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙasashe masu arziki sun yi alkawari a Kopenhagen a 2009 cewa zuwa 2020 za su riƙa ba da dala biliyan 100 a shekara, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa na kuɗin bashi ne. Duk wannan gaskiya ce, kuma wajibi ne wakilanmu su riƙa faɗinta a kowane zama ba tare da sunkuyar da kai ba. Inda hujjar ta karkace shi ne wurin ƙarshenta, in aka ce tunda haka ne sai mu ci gaba da abin da muke yi. Wannan ƙarshen ya ginu kan zaton cewa makamashi mai hayaƙi shi ne mai araha, barinsa kuma sadaukarwa ce da ake roƙonmu mu yi saboda wasu. A Ingila ta ƙarni na 19 haka ne. A Kano ta yau lissafin ya juye.

A dubi halin da ake ciki. Tashoshin lantarkin Najeriya gaba ɗaya, a takarda, suna iya ba da kusan megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a fiye da miliyan 200 yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa mutum miliyan 85 ba su haɗe da layin wuta ko kaɗan, kuma mafi yawansu a arewa suke. Akasarin tashoshin suna kudu, kusa da iskar gas ɗin Neja Delta, don haka wutar arewa ta dogayen wayoyi 'yan ƙalilan take zuwa. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ya biyo ta Benuwai ya samu matsala, yawancin jihohin arewa sun yi fiye da mako a duhu. Nijar ta ɗanɗana irin wannan: a da tana sayen kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Najeriya, sai aka yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, ba a mayar ba sai Maris ɗin 2024. Saboda haka babbar tashar lantarkin ƙasar Hausa ita ce miliyoyin ƙananan janaretoci, kowanne da mai shi. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Mu ɗauka tela ko mai aski yana ƙona lita uku a wuni. A farashin naira 1,000, ya kashe fiye da naira miliyan ɗaya a shekara kan mai kaɗai, ban da baƙin mai da gyara. Kowace litar fetur kuma tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wato ƙaramin injinsa na fitar da tan biyu da rabi a shekara. Aljihunsa da sararin samaniya rami ɗaya ne ke cin su.

A daidai lokacin da mai ke tashi, ɗaya ɓangaren sauka yake yi. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Batirin litiyam mai ajiye wutar kilowat ɗaya na awa guda, wanda a 2010 ya haura dala 1,000, zuwa 2024 bai kai 150 ba. Hasken da ke sauka a fili ɗaya a Katsina ko Agadas ya kusa ninka wanda ke sauka a irinsa a Jamus, amma Jamus ce ke cikin manyan masu amfani da sola a duniya. Ba sai an je Turai neman shaida ba. A 2024 kaɗai Pakistan, ƙasa mai yawan jama'a da zafi da tsadar wuta kamar tamu, ta shigo da farantan da ƙarfinsu ya kai kusan megawat 17,000, fiye da duk tashoshin Najeriya a haɗe, kuma magidanta da manoma da masu masana'antu ne suka saya da kuɗinsu don lissafi ya nuna musu riba. A gida ma akwai abin nunawa: tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019, da mai megawat 10 ta Kumbotso da aka ƙaddamar a Janairun 2023, da mai megawat 7 ta Malbaza tun 2018, da mai megawat 30 ta Gorou Banda kusa da Yamai, wadda ta rage wa birnin raɗaɗi a watannin da aka yanke masa wuta. Gani ya kori ji. Kan rufin shaguna da masallatai da gidajen masu hali, farantan suna ƙaruwa kowace shekara ba tare da wani ya yi wa'azin sauyin yanayi ba.

To idan haka ne, me ya hana kowa ya koma? Amsar tana cikin yadda ake biyan kuɗin kowannensu. Janareta yana da araha ranar saye, sannan ya ci mai shi kullum har ya mutu. Sola tana da tsada ranar saye, sannan ta yi shekara 20 ko 25 ba ta tambayi kowa lita ba, sai batir da za a sauya a tsakani. In an haɗa kuɗin shekara biyar, sola ce ke da riba. In an dubi kuɗin yau kaɗai, janareta ne ke samuwa. Talaka kuwa da kuɗin yau yake rayuwa. Dalilin da ya sa yake sayen shinkafa gwangwani-gwangwani alhali ya san buhu ya fi sauƙi, shi ne dalilin da ya sa yake sayen wuta lita-lita. Ba ilimin lissafi ya rasa ba, dunƙulallen kuɗi ya rasa. Mai kuɗi, wanda zai iya jure tsadar mai, shi ne ya fara kuɓuta daga gare ta, mara shi kuma ya zauna yana biyan farashi mafi tsada. Rance ne ya kamata ya cike wannan giɓi, amma a ƙarshen 2024 kuɗin ruwan Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci ya wuce nan, dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 zuwa fiye da 1,500 cikin shekara guda, farantan kuwa da dala ake shigo da su. Wannan ne dalilin abin da Hukumar Makamashi ta Duniya ta gano a 2022, cewa Afirka na da kashi 60 cikin ɗari na wuraren da suka fi dacewa da sola a duniya, amma kashi 1 kacal na farantan da aka kafa. Rana kyauta take fitowa a Kano da Berlin, kuɗin da za a ranta a tare ta ne ya bambanta.

In cutar kenan, maganin sai ya zama rance mai kama da rayuwar mai karɓarsa. A Kenya kamfanoni irin su M-KOPA sun fi shekara goma suna ba magidanta kayan sola a biya kaɗan-kaɗan ta waya, daidai abin da a da ake kashewa kan kananzir, in an gama biya kaya su zama na mai shi. Tela da ke ba gidan mai naira 3,000 a wuni zai iya ba mai sola ƙasa da haka, bambancin shi ne biyan na biyu yana da ranar ƙarewa. Manomin rani a Kadawa ko Haɗeja ko Goronyo, wanda injin ban ruwa ke cinye masa riba, nasa biyan ya kamata ya jira girbin shinkafa da tumatir, domin lokacin ne kuɗi ke hannunsa. Akwai kuma abin da masu tsara shirye-shirye daga nesa kan manta: jama'a da dama a ƙasar Hausa ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko an sauƙaƙa shi, saboda addini. Wannan ba cikas ba ne in an san hanya. Farantin sola kaya ne da ake gani ana taɓawa, ya dace da murabaha, inda banki ke saye ya sayar da riba sananniya a biya a hankali, ya kuma dace da ijara, inda ake haya har a mallaka. Bankin Jaiz na aiki tun 2012, gwamnatin tarayya kuma ta tara naira biliyan 100 ta sukuk a 2017 ta gina hanyoyi. Abin da ya gina titi zai iya kafa ƙaramar tashar sola a kasuwa ko ƙauye. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma, waɗanda suka san adashi tun kaka da kakanni, sun fi kowane banki sanin wanda ke biyan bashi. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 750 a Disamban shekarar don kai wutar sola ga mutum miliyan 17.5. A nan ne bashin da ƙasashe masu arziki ke ɗauke da shi ya kamata ya sauka. Dala biliyan 300 a shekara da aka yi alkawari a Baku a 2024, mafi amfanin abin da za ta yi mana shi ne ta karya farashin rance, ta tsaya wa mai ba da shi in naira ta faɗi.

Kuɗi kaɗai ba ya isa, domin tsadar rance kanta 'yar rashin amana ce. A 2016 kamfanoni 14 sun sa hannu da gwamnatin tarayya kan gina manyan tashoshin sola masu ƙarfin fiye da megawat 1,000, akasarinsu a jihohin arewa. Shekaru suka shuɗe ba a gina su ba, saboda an koma ana jayayya kan farashin da aka riga aka amince da shi da kuma lamunin da gwamnati za ta bayar. Aikin wutar iska mai megawat 10 na Lambar Rimi a Katsina, wanda aka faro tun 2005, ya shafe fiye da shekara goma bai ba da wutar da aka yi alkawari ba. Mai zuba jari yana ganin wannan, sai ya ƙara kuɗin ruwa ko ya nufi wata ƙasa. A ƙasa ma haka ne. Fitilun sola na kan titi da suka mutu cikin shekara ɗaya, da farantin da aka rubuta masa wat 300 alhali bai kai ba, da tsohon batir da aka wanke aka sayar a matsayin sabo, kowannensu yana koya wa unguwa guda cewa sola yaudara ce. Araha ba ta ado. Gyaran ba ya ɗaukar ido, amma shi ne ginshiƙi: a tantance kaya tun a tashar jirgin ruwa, a tilasta wa mai sayarwa ba da garanti, kwangilar gwamnati ta haɗa da kula da kaya na shekaru, a horar da matasa a kwalejojin fasaha su iya auna buƙatar gida da haɗa waya yadda ya kamata, mai amfani kuma ya san cewa ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti in ba a goge shi ba. Shi ma mai shan wuta akwai nasa nauyi, domin tashar ƙauye ba ta rayuwa in ana jan waya ta bayan mita.

Ƙorafi na biyu na masu masana'antu ne: rana tana faɗuwa, damina tana kawo gajimare, kuma ba za a tayar da Sharaɗa da Bompai da Challawa, ko masaƙun Kakuri da suka durƙushe, da farantin kan rufi ba. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai kaso mai yawa na aikinmu da rana ake yin sa: ban ruwa, niƙa, walda, ɗinki, sanyaya kaya, karatu da aikin ofis, kuma lokacin da zafi ya fi tsanani, fanka da firji suka fi jan wuta, lokacin ne rana ta fi bayarwa. Don dare kuma muna da abin da ƙasashe da yawa ba su da shi. Madatsun Kainji da Jebba a kan kogin Kwara, da Shiroro da Zungeru mai megawat 700 a kan kogin Kaduna, manyan rumbuna ne: in sola ta ɗauki nauyin wuni, sai a adana ruwa a sake shi da dare. Sauran giɓin iskar gas ce za ta cike, kuma babu dalilin jin kunya a nan. Najeriya na da gas fiye da kubik ƙafa tiriliyan 200, hayaƙinsa a tashar lantarki kusan rabin na kwal ne, kuma har yau ana ƙona wani ɓangarensa a banza a Neja Delta, duk da dokar 1979 da ta sa 1984 a matsayin wa'adin dainawa. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, in ya maye gurbin dizal a masana'antu ya rage hayaƙi. Amma a riƙe gas a matsayin kadarko, wanda ake bi a ƙetare. Tashar gas da aka gina yau za ta yi shekara 30 ko 40 tana neman a saya mata abinci, farashinsa da dala ake aunawa, kuma bututu mai yoyo yana sakin iskar mitan, wadda ta fi kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. Hikima ita ce a gina gas daidai abin da rana da ruwa ba za su iya ba.

Ƙorafi na uku daga madafi yake fitowa, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi: sola ba ta tuƙa tuwon gidan mutum goma sha biyar. Mafi yawan makamashin da gidajenmu ke ci ba lantarki ba ne, itace ne da gawayi da kara da kashin shanu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na kashe kusan mutum miliyan 3.2 a shekara a duniya, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar jiki, kuma wadda ta fi shaƙarsa ita ce mace mai girki da jaririn da ke goye a bayanta. Kowace motar gawayi da ta shigo birni kuma daji ne ya ragu a wani wuri. A nan amsa mafi kusa ita ce tukunyar gas, ko da shi ma daga ƙasa ake haƙo shi, domin gidan da ya bar itacen da ake sarewa ba a mayarwa ya koma gas ya rage hayaƙi, ya kuma ceci huhu. Indonesiya ta mayar da fiye da gidaje miliyan 50 daga kananzir zuwa gas tun daga 2007. Indiya ta raba wa mata matalauta tukwane daga 2016, sai ta tarar da yawa sun koma itace don cika tukunya ya fi ƙarfinsu: matsalar dunƙulallen kuɗi ce ta sake ɓullowa, kuma maganinta ƙaramar tukunya ce da wurin sayen kilo ɗaya a cikin unguwa. Chadi ta haramta gawayi a ƙarshen 2008 kafin ta wadata jama'a da madadinsa, mutanen Njamena suka sha wuya. Hani ba tare da madadi ba talaka yake hukuntawa. A ƙauyen da gas ba zai kai ba da wuri, ingantaccen murhu mai cin itace kaɗan yana da muhimmanci, haka ma darasin manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun shekarun 1980 suke rainon tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, har suka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. Itacen da ake sassabe reshensa a bar gindinsa shi ma makamashi ne mai sabuntawa. Mai faskare da mai gawayi kuma ba abokan gaba ba ne. Su suka san kowane gida da abin da yake ci, su ya kamata a fara ba jarin dillancin gas da murhu.

Saura ƙorafi ɗaya: cewa za mu bar dogaro da mai mu koma dogaro da Sin, wadda ke ƙera fiye da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya, sannan a bar mu da tulin matattun batura. Dogaron iri biyu ba ɗaya ba ne. Wanda aka yanke wa mai ko aka yanke wa waya, a daren nan yake kwana a duhu, kamar yadda Yamai ta gani. Wanda ya kafa faranti, ko mai sayarwa ya juya masa baya gobe, rana za ta fito masa har shekara ashirin. Kuma yawancin aikin da ke cikin sana'ar a gida yake: ƙera ƙarafan ɗorawa, haɗawa, gyaran inbata, karɓar kuɗi, kula da tasha. Maganar batir kuwa abin tsoro ce ta gaske. Batirin dalma da ake fasawa a bayan gida a narka guba ne, kuma yankin da ya rasa yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 saboda gubar dalma daga haƙar zinari ya san abin da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Dole doka ta ɗora wa mai shigo da batir nauyin karɓar tsohonsa, a sa masa kuɗin ajiya da za a mayar wa wanda ya dawo da shi, tun kafin tulin ya fi ƙarfinmu.

Yawan mutanen Najeriya da Nijar zai kusa ninkawa kafin 2060, kuma yawancin gidaje da shaguna da rijiyoyin da za su ci wuta a lokacin ba a gina su ba tukuna. Abin da muke fitarwa yau kaɗan ne, abin da za mu fitar gobe kuwa yanzu ake yanke shi, duk ranar da wani ya tsaya a kasuwa yana auna janareta da faranti. Mu ci gaba da bin bashinmu a tarurrukan duniya, haƙƙinmu ne, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gwamnan da ke son sanin ko jiharsa tana kan hanya ba ya buƙatar jiran rahoto daga waje. Ya tambayi mata nawa ne suka daina hura wuta da baki a bana, manoma nawa ne suka yi ban ruwa ba su je gidan mai ba, asibitocin karkara nawa ne ake karɓar haihuwa cikinsu da dare ba da fitilar waya ba. Sannan ya shiga Kantin Kwari da azahar ya saurara. Ranar da mai saye da mai sayarwa suka yi ciniki ba tare da ɗaga murya ba, an rage iskar kabon a Kano.